Ina Hannun da Ya Buɗe Ƙofar?

Aikin farko da aka ba mu a ajin koyon shirya fim bai fi jimla ɗaya ba: mutum ya shigo ɗaki, ya tarar da wasiƙa a kan tebur, ya karanta, ya fita. Ba magana, ba kiɗa, kuma kada ya wuce minti ɗaya da rabi. Mu huɗu ne a rukuninmu. Aka ba mu kyamara ɗaya da ƙafarta, aka ce mu dawo da ita kafin a tashi.

Ni na riƙe kyamarar. Na kafa ta a kusurwar da ake ganin komai, ƙofa da tebur da taga, na danna. Abokinmu da zai fito a fim ɗin ya shigo, ya ɗauki takardar, ya karanta, ya fita. Muka sake. Muka ƙara sakewa har sau tara, duk daga wuri ɗaya. A wasu daga ciki na riƙa jawo hoton da zum yana cikin karatu, domin ina ji a raina ya kamata a ga fuskarsa, sai dai ban san yadda ake kai mai kallo wurin fuskar ba. Muka mayar da kyamara tun lokaci bai yi ba, zuciyarmu fes.

Washegari muka zauna gaban kwamfuta. Da wata manhaja mai suna DaVinci Resolve muke tace hoto a ajin. Na zuba ɗauka tara ɗin nan, na jera su, na nemi inda zan yanka na rasa. Duk inda na yanke ɗaya na haɗa da wata, sai mutumin ya yi tsalle: yanzu yana bakin ƙofa, ƙiftawar ido yana jikin tebur, alhali ɗakin bai motsa ba. In kuwa na bar ɗauka ɗaya ta tafi daga farko har ƙarshe, sai ta ci kusan minti uku, rabinsu tafiya ce kawai.

Malam ya iso bayanmu ya tsaya yana kallo. Can ya ce, "Ina hannunsa?"

Na ce, "Wane hannu, Malam?"

"Hannun da ya buɗe ƙofar. Hannun da ya ɗauki takardar. Ina idonsa sa'ad da ya fara hango ta? Me ma aka rubuta a ciki?"

Babu ko ɗaya a cikin abin da muka ɗauko. Ya ce, "Ɗakin kam kun kawo shi. Labarin yana can kun baro shi. Ku koma."

Kafin mu koma sai da ya zana mana mutum a allo, ya riƙa kewaye shi da akwati, babba zuwa ƙarami. Akwatin da ya ɗauke mutum gaba ɗayansa da wurin da yake tsaye, wannan ɗaukar nesa ce, aikinta ta gaya wa mai kallo ina ake, wa da wa ke wurin. Wanda ya yanke shi daga ƙugu zuwa sama ɗaukar tsakiya ce, ita ce ke nuna abin da mutum yake yi da jikinsa. Wanda ya cika da fuska ɗaukar kusa ce. Sai na kurkusa, ido kaɗai, ko yatsu a kan takarda, ko mariƙin ƙofa yana juyawa. Ya ƙara da cewa kyamara in ta kalli mutum daga ƙasa sai ya yi kwarjini, in ta leƙo shi daga sama sai ya ƙanƙance. Duk wannan bai ci minti ashirin ba, kuma duk mai waya a hannu ya taɓa ganinsu. Sunayen ba su da wuya. Wuyar tana wurin sanin wacce za ka buƙata gobe in ka zauna yanka, tun kana tsaye a wurin ɗauka yau.

Zuwanmu na biyu mun ɗauki abin da bai kai na farko tsawo ba, amma gunduwa goma sha huɗu daban-daban. Kuma nan na koyi abin da ya fi yi mini amfani a duk zangon. Idan za ka haɗa ɗaukar nesa da ta kusa, ka sa ɗan wasan ya maimaita motsin gaba ɗaya a kowace ɗauka. A ta nesa ya miƙa hannu ya ɗauki takardar har ya ɗago ta. A ta kusa ma kada ka fara da takardar tana hannunsa. Ya sake miƙa hannun tun daga farko, da hannun da ya yi amfani da shi ɗazu, da irin saurin ɗazu. In ka zo yanka, sai ka yanke a tsakiyar motsin: hannu ya taso a ɗaukar nesa, ya sauka a kan takarda a ta kusa. Idon mai kallo yana bin hannun, ba ya ganin mahaɗar ko kaɗan.

Ranar da na fara haɗa wannan ya zauna daidai, na mayar da shi baya na kalla ya fi sau goma. Na san inda yankan yake, ni na yi shi da hannuna, amma idona ya ƙi kama shi. Ɗauka biyu ne da aka yi da tazarar kusan rabin awa, kyamara a wuri biyu, sun zama motsi ɗaya.

Tsallen da mutumin ya riƙa yi a aikinmu na farko ma ashe yana da dalili sananne. Hoto biyu na abu ɗaya, in suka yi kama da juna sosai, ido ba ya ɗaukarsu a matsayin sabon kallo, sai ya ga kamar an tsinke wani abu an yar. Shi ya sa ake cewa in za ka sake ɗaukar mutum, ka matsar da kyamara aƙalla digiri 30 daga inda take, ko ka sauya girman hoton sosai yadda bambancin zai fito fili. Akwai waɗanda suka karya wannan da gangan. Jean-Luc Godard na Faransa ya cika dogon fim ɗinsa na farko, na 1960, da irin wannan tsalle, har ya zama salo da ake koyi da shi. Amma shi ya san dokar da ya karya, ya kuma san abin da yake nema. Namu rashin abin haɗawa ne ya jawo.

A mako na huɗu Malam ya shigo da wani guntun tsohon fim na roba, mai faɗin milimita 35, ya ba mu muka riƙa ɗaga shi a haske. Hotuna ne ƙanana a jere, kowanne da ɗan bambanci da na gabansa. Hoto 16 ne a tsawon ƙafa ɗaya, kuma tunda 24 ke wucewa a daƙiƙa, minti ɗaya na fim ƙafa 90 ke nan. Masu tacewa na da da almakashi da reza suke yanka wannan robar, su liƙa da gam. Daga nan kalmar yanka ta samo asali, muke ta faɗinta har yau alhali maɓalli kawai muke dannawa. Na daɗe ina juya robar a hannuna ina tunanin mutumin da in ya yanke ba daidai ba sai ya bi ƙasa yana neman guntun da ya yar. Dole irin wannan ya yi tunani kafin ya sa almakashi. Mu kwamfuta ta ba mu damar yanka da warwarewa sau ɗari, kuma ina ganin wani lokaci damar tana sa mu yanka ba tare da mun san dalili ba.

A ranar ce kuma ya ba mu labarin Lev Kuleshov, wanda ya koyar a makarantar fim ta Mosko da aka kafa a 1919. Kamar yadda ɗalibinsa Pudovkin ya ba da labari, sun ɗauki hoton fuskar wani fitaccen ɗan wasa, Ivan Mozzhukhin, fuska shiru wadda ba ta nuna komai. Suka haɗa ta da kwanon miya, suka sake haɗa ta da akwatin gawa, suka sake haɗa ta da ƙaramar yarinya tana wasa. Masu kallo suka yi ta yaba gwanintar mutumin: a nan yana cikin tunani, a nan baƙin ciki ya lulluɓe shi, a nan kuma ga murmushin jin daɗi. Fuskar kuwa ɗaya ce a duka ukun.

Ban yarda sosai ba sai da muka gwada. Muka zaunar da wata 'yar ajinmu muka ce ta kalli bango kawai, kada ta yi tunanin komai, muka ɗauki daƙiƙa biyar. Na haɗa fuskar da kujerar da ba kowa a kai. Na sake haɗa ta da waya tana haske a kan tebur. Na uku da takardar sakamakon jarrabawa a kife. Muka kira ɗaliban wani aji da ba su san abin da muke yi ba, muka nuna wa kowa guda ɗaya, muka tambaye shi me ke damun yarinyar. Wanda ya ga kujera ya ce kewar wani take. Wanda ya ga waya ya ce kiran wanda ba ta son magana da shi ne. Wadda ta ga takarda ta ce tsoro ne a idonta, har ta nuna mana da yatsa inda ta ga tsoron. Ita kuwa mai fuskar tana zaune a gefe, ta san bango kawai ta kalla.

Wannan gwaji ya sauya mini yadda nake kallon komai. Kafinsa ina zaton motsin rai a cikin hoto yake, kyamara ce ke kamo shi. Bayansa na gane rabin abin a kan mai kallo yake faruwa, a ɗan tsakanin hoto da hoto. Kuma abin ya ɗan tsorata ni, domin wanda zai iya sa fuska shiru ta yi kewa zai iya sa mutumin kirki ya yi kama da maƙaryaci, ta hanyar abin da ya liƙa kafin fuskarsa ko bayanta. Tun lokacin ba na kallon hirar da aka tace da ido ɗaya da na da.

Aiki na biyu hira ce: mutum biyu a tebur, ɗaya yana neman afuwa, ɗaya ya ƙi kallonsa. An riga an koya mana layin digiri 180. Ka ƙaddara akwai igiya da ta tashi daga hancin wannan zuwa hancin wancan. Ka zaɓi ɓangare ɗaya na igiyar, duk inda za ka kafa kyamara ya kasance a ɓangaren. In ka kiyaye, na farko kullum yana kallon dama, na biyu yana kallon hagu, idanunsu suna haɗuwa a kan mai kallo ko da ba sa cikin hoto ɗaya. Na rubuta wannan a littafina, na ja masa layi. Amma a wurin ɗauka, da muka zo kan fuskar na biyu, sai na ga hasken taga ya fi kyau daga ɗaya ɓangaren. Na ɗaga kyamara na zagaya tebur. Hoton ya yi kyau ƙwarai, ba wanda ya ce uffan.

Sai a kwamfuta abin ya bayyana. Mai neman afuwa yana kallon dama, wanda ake roƙo shi ma yana kallon dama. Kamar su biyun suna magana da wani na uku da ba a gani. Ɗakin da muka yi ɗaukar an riga an ba wasu, ɗan wasanmu ɗaya kuma ya yi tafiya. Na gwada juya hoton, hagu ya koma dama. Idanun suka daidaita, amma rubutun da ke jikin rigarsa ya koma baibai, agogonsa ya sauya hannu. Abin da ya cece mu wata 'yar ɗauka ce da ɗaya daga cikinmu ta nace a yi, na hannayen mutum biyun a kan tebur daga sama, da wata ta bayan kafaɗa da muka yi tun kyamara tana ɓangaren da ya dace. Da su muka rufe wuraren da suka fi muni, muka bar kyakkyawar ɗaukar nan a wuri ɗaya tak, daidai inda wanda ake roƙo ya kau da kai. A nan rashin haɗuwar idon ya yi daidai da abin da ke faruwa. Sauran daƙiƙu arba'in na hoton da na fi so a duk aikin sai da na cire su, kuma na ji zafin cirewar.

Game da saitin kyamara ba zan daɗe ba, don abu ne da ake haddacewa a kwana biyu. Muna ɗauka a firam 25, wato hotuna 25, a daƙiƙa, saurin shata kuma (lokacin da kyamara ke buɗe wa haske a kowane hoto) 1/50 na daƙiƙa, wato 50 ɗin ninki biyu ne na adadin firam, don motsi ya fito yadda ido ya saba. Launin haske kuma da hannu ake saita shi: hasken rana wajen 5600 a ma'aunin Kelbin, ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa wajen 3200. Babban abin shi ne a kashe otomatik. Kyamarar da aka bari ta yi wa kanta hukunci za ta sauya haske da launi tsakanin ɗauka da ɗauka, bango ya fito fari a nan, shuɗi-shuɗi a can, kai kuma sai ka kwana kana gyara.

Sauti ne abin da ba wanda ya gaya mini zai ci rabin lokacina. Mutane suna haƙuri da hoto mai duhu, amma murya in ta shaƙe ko iska ta yi mata yawa, nan take suke fita daga labarin. Makirufon jikin kyamara ya yi nisa da baki, don haka muka ɗauki murya da wata na'ura daban, muna tafa hannu a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka. A kwamfuta tafin yana fitowa kamar ƙaya a zanen sauti, sai ka daidaita ƙayar da firam ɗin da tafukan suka haɗu, shi ke nan baki da murya sun zauna tare. Sannan akwai shirun ɗaki. Kafin a tashi daga wurin ɗauka, kowa ya tsaya cak na minti ɗaya a naɗi shirun wurin. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Da na sa abin sauraro a kunne na gane babu ɗakin da ba shi da murya: fanka, firji a nesa, iska a jikin taga. Duk inda ka yanke magana ka bar gurbi ba ka shimfiɗa wannan shirun a ƙasa ba, kunne yana jin kamar an faɗa rami.

Hirarmu da na fara tacewa ta fito kamar wasan ƙwallon tebur. Wannan ya yi magana a nuna shi, wancan ya amsa a nuna shi, hoto da murya suna sauyawa tare. Malam ya saurara, ya ce, "In mutum biyu suna magana a gabanka, wa kake kallo?"

Na ce, "Mai magana, Malam."

Ya ce, "Ka je ka lura, gobe ka ba ni amsa."

Na lura. Ashe sau da yawa muryar ce ke fara zuwa kunnena kafin in juya in kalli mai ita. Kuma in aka faɗi magana mai nauyi, wanda aka gaya wa nake kallo, ina so in ga yadda ta sauka. Da na dawo na raba yankan hoto da na sauti. A wani wuri muryar na biyu ta shigo tun hoton na farko bai tafi ba. A wani wurin na bar muryar mai neman afuwa tana ci gaba, hoton kuwa yana kan fuskar wanda ya yi shiru. Masu sana'ar suna kiran waɗannan yankan J da yankan L, saboda siffar da suke yi a allon tacewa. Kalmomin hirar ba su sauya ba ko ɗaya, amma sai ga shi labarin ya tashi daga kan mai roƙo ya koma kan wanda ake roƙo, kuma can ne ya kamata ya kasance tun farko.

Daga nan aikin ya koma lissafin firam. Akwai wurin da wanda ake roƙo ya ɗago ido. In na yanke da wuri, sai ya zama kamar bai ji maganar ba. In na bar shi ya daɗe, sai ya zama kamar ya riga ya yafe, alhali ba mu kai nan ba tukuna. Tsakanin biyun firam takwas ne, ƙasa da sulusin daƙiƙa. Na yi yamma guda ina ƙarawa ina ragewa, ina tashi in zagaya in dawo da sabon ido. A ƙarshe na yanke daf da inda zai ƙifta ido, kuma nan ya zauna.

Da za a tambaye ni, da na ce a fara zaunar da sabon ɗalibi gaban kwamfuta kafin a ba shi kyamara. A ba shi hotunan da wani ya ɗauka, masu gibi, ya sha wahalar haɗa su mako biyu. Wanda ya taɓa neman hoton hannu da tsakar dare ya rasa, ba sai an tuna masa ya ɗauki hannu ba. Na san akwai malaman da ke ganin riƙe kyamara ne ke sa ɗalibi ya so sana'ar, kuma suna da gaskiyarsu. Ni dai duk abin da na iya game da inda ake kafa kyamara, rashinsa a teburin tacewa ne ya koya mini.

A ƙarshen zango aka ce kowane rukuni ya sake aikin farko, na wasiƙa. Wannan karon na kwana biyu ina zane a takarda, akwati-akwati, kowane akwati ɗauka ɗaya, da kibiya mai nuna inda mutum yake kallo. Muka shiga ɗakin da jerin ɗauka goma sha bakwai, ɗaya daga cikinmu tana soke kowace in an gama, tana kuma lura da hannun da ya riƙe takarda da yadda aka bar ƙofa. Muka naɗi shirun ɗaki. Na ɗauki ta nesa sau biyu kawai.

Fim ɗin ya fito daƙiƙa 71. Ya fara da mariƙin ƙofa yana juyawa. Abin da aka rubuta a wasiƙar mun ɗauke shi a kurkusa, sarai ake karanta shi, amma a daren ƙarshe na cire, na bar fuskarsa kawai yana karantawa, sai yatsunsa suna ninke takardar a hankali, ninki huɗu. Da aka nuna a aji aka kunna fitila, wata daga layin baya ta ce, "Wai wa ya rasu?" Wani ya ce ba rasuwa ba ce, korarsa aka yi daga aiki. Suka fara musu. Malam ya juyo ya tambaye ni me ke cikin takardar, na ce wadda ke hannunsa dai jadawalin darussanmu ne na mako, shi muka samu a kusa muka ninke.